Wa Ke Riƙe Da Makullin Akwati A Shirye-shiryen Matasa?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda ake tafiyar da shirye-shiryen da ake cewa na matasa ne a nan Maraɗi da kewayenta. Ni tsohon malamin makaranta ne, na yi shekara talatin da ɗoriya ina riƙe da alli, kuma tun da na ajiye aiki ake yawan gayyata ta tarurruka a matsayin dattijon unguwa. Saboda haka abin da zan faɗa na gan shi da idona, wani ma har da hannuna a cikinsa.

Kwanakin baya an gayyace ni bikin buɗe wani shiri na koya wa matasa sana'a, wanda wata ƙungiya ta kawo, kuma ba zan ambaci sunanta ba domin halin da zan faɗa ba nata ba ne ita kaɗai. Na isa da wuri, na tarar da samari suna sauke kujeru daga mota, wasu suna ɗaura ƙyalle a jikin rumfa, ƴan mata kuma suna jera ruwan sha a kan teburin manyan baƙi, kowannensu sanye da farar riga da hula masu tambarin shirin. Da aka zauna sai na ƙirga mutanen da ke kan babban teburi, su goma sha ɗaya, babu ko ɗaya da bai haura arba'in ba. Aka yi jawabai da Faransanci har rana ta take, sannan aka kira wata yarinya da ba za ta wuce shekara goma sha bakwai ba, aka ce za ta karanta jawabin matasa. Malami ba ya kasa gane ɗalibin da ke karanta abin da wani ya rubuta masa: tana tuntuɓe a kan kalmomin, tana tsayawa inda babu aya, idonta bai bar takardar ba. Da ta kai ƙarshe sai ta sauke takardar, ta dubi teburin manya, ta ce da Hausa cikin ladabi, "Mu dai da an tambaye mu da ba ɗinki muka zaɓa ba, don a layinmu kaɗai teloli bakwai ne." Wasu suka yi dariya, mai gabatarwa ya karɓe lasifika da sauri ya ce a tafa mata, aka tafa, aka wuce zuwa ɗaukar hoto. Bayan an watse na tambayi ɗaya daga cikin masu shirin ko za a duba maganar yarinyar, sai ya ce da ni ai an riga an sayi kekunan ɗinki tun wata uku da suka wuce.

Maganar da yarinyar nan ta yi bayan ta sauke takarda ita ce kaɗai muryar matasa da aka ji a wannan taro, kuma ita ce aka binne da tafi. Tun daga ranar na ɗauki wata ɗabi'a: duk shirin matasa da aka kira ni, nakan tambaya wa ya zaɓi aikin da za a yi, wa ke riƙe da makullin akwatin kuɗi, kuma gaban wa ake karanta lissafi. Har yau ban cika samun inda amsar ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan ta faɗa kan matashi ba.

Abin ya fi ba da mamaki idan aka tuna ko su wa ke da rinjaye a ƙasar nan. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta nuna mutanen Nijar sun haura miliyan 17, jihar Maraɗi kaɗai tana da kusan miliyan uku da rabi, kuma kimanin rabin ƴan ƙasar ba su kai shekara 15 ba. A takarda ma ba a rasa alkawari ba. Yarjejeniyar matasa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a birnin Banjul a 2006, wadda ta ɗauki ɗan shekara 15 zuwa 35 a matsayin matashi, ta keɓe sashe na 11 domin shigar matasa cikin yanke shawara, sannan Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2250 a watan Disamba na 2015 yana kira da a ba su gurbi a harkokin zaman lafiya. Masu shirya tarurruka sun haddace waɗannan lambobi, sukan ambace su a jawabin buɗewa, amma a aikace gurbin da ake ba matashi bai wuce na ɗaukar kujera da cika hoto ba.

Ba sai mun je Banjul ba kafin mu san yadda ake ɗora wa yaro nauyi, domin mu da muka yi ƙuruciya a zamanin Janar Seyni Kountché, wanda ya mulki ƙasar daga 1974 zuwa 1987, mun taso ne cikin Samariya. Kowace unguwa tana da sarkin samarinta da muƙarrabansa, ƴan mata ma suna da tasu shugaba, kuma aiki ne na gaske ake danƙa mana: kafa rumfunan zana na azuzuwa kafin a koma makaranta, share tituna da maƙabarta, gayya a gonar wanda ba shi da lafiya, dashen itatuwa ranar 3 ga Agusta, da shirya wasannin da za a je a kara da wasu jihohi. Ina ɗan shekara goma sha tara aka miƙa mini littafin karo-karo na Samariyar unguwarmu, kuma har gobe ina tuna daren da lissafi ya ƙi cika da dala ashirin, na kwana ina juyi a kan tabarma sai da asuba na tuna ashe igiya muka saya ban rubuta ba. Babu darasin lissafi da na taɓa koyarwa a aji wanda ya shiga kan ɗalibi kamar yadda wannan dala ashirin ta shiga kaina. Sai dai ba zan yi wa matasan yanzu ƙarya in ce komai na Samariya zuma ne ba. An ba mu aiki, amma bakinmu a ɗaure yake, umarni daga sama yake saukowa, kuma sau da yawa an jera mu a bakin hanya tun hantsi muna jiran babban baƙo ba tare da an tambayi ra'ayinmu ba. Da guguwar jam'iyyu ta taso a farkon shekarun 1990 Samariya ta dusashe, samari suka koma fada, wato majalisar hira ta samarin unguwa, suna zaune a gindin bango da butar shayi, kuma mu manya muka shiga zaginsu da zaman banza, muka manta cewa fada tana da shugaba da ma'aji da kuɗin mako, tana kai gudummawa ranar suna da ranar rasuwa, ba tare da wani ya zo daga waje ya koya musu ba.

Kasuwar garin nan ma makaranta ce ga mai son koyo. Alhazan Maraɗi da sunansu ya kai ko'ina ba a ɗakin taro suka horar da yaransu ba. Yaro yakan fara da share kanti da miƙo kaya, daga nan a bar masa kanti na yini ɗaya a ga yadda ciniki zai cika, sai a aike shi Ɗan Isa ko Jibiya da kuɗi kaɗan, in ya dawo da amana a aike shi Kano da masu yawa, har ranar da ubangidansa zai yanka masa jari ya ce je ka tsaya da ƙafarka. Ubangidan ya san wata rana yaron zai sayo kayan da ba za su shiga ba, ya kuma sa wannan asara cikin lissafinsa, domin ya san ba a koyon ciniki da aljihun wofi. Haka nan asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar nan a 1991 kafin ya bazu zuwa ƙasashe da dama, ƙarfinsa yana cikin abu ɗaya ne: matan su ke zuba kuɗinsu, su ke kafa dokokinsu, akwatin yana hannunsu, makullansa a rarrabe tsakanin mutum uku, kuma ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Da yawa daga cikin matan nan ba su taɓa shiga aji ba, amma an yarda da su, sun kuma riƙe amana. Ban ga dalilin da zai sa a yarda da su a ƙi yarda da ƴaƴan da suka haifa ba, waɗanda wasunsu suna karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo.

Na san abin da takwarorina dattawa za su ce, domin ni ma da bakina na faɗe shi. Za su ce yaran yanzu ba su da haƙuri, in aka ba su kuɗi za su cinye ko su yi faɗa a kansu, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Bari in ba da labarin yadda aka kunyata ni a kan wannan magana.

Shekara uku da suka wuce, gab da faɗuwar damina, mutanen unguwarmu suka yi karo-karo domin yashe magudanar ruwa da ke cikewa da leda da yashi duk shekara har ruwa ya shiga gidaje. Aka tara jika 150. Bisa al'ada kwamitin dattawa ke riƙe kuɗi, samari kuma su yi aikin ƙarfi a saya musu shayi da sukari. A wannan karo sai samarin wata fada suka aiko wakilai uku suka durƙusa gaban mai unguwa suka ce, "Baba, in dai mu za mu shiga cikin kwata, muna roƙo a bar mana kuɗin mu tsara aikin da kanmu." Aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe aka ba su. Ba a yi sati biyu ba sai ga labari mara daɗi: sun sayi baro huɗu masu araha, biyu sun karye tun ranar farko, sannan sun ba wani mai amalanke jika 20 kafin aiki, ya yi kwana biyu yana kwasar shara ya ɓace. Ni ne na fara miƙewa a zaman dattawa na ce a karɓe sauran kuɗin tun kafin a rasa duka, har na kawo karin maganar rimi ina jin na gama magana. Limamin masallacinmu, wanda ya girme ni, ya bari na zauna sannan ya ce, "Malam, kai da ka koyar da yara, in ɗalibi ya yi kuskure a allo karɓe allin kake yi ko gyara masa?" Ya tuna mana cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya naɗa Usama ɗan Zaidu jagoran runduna yana saurayi alhali akwai manyan sahabbai a cikinta, kuma Sayyidina Umar yakan zaunar da Abdullahi ɗan Abbas a majalisarsa tare da dattawan Badar. Ya ce a bar musu kuɗin, amma da sharaɗin su zo ranar Juma'a bayan la'asar su karanta lissafi a ƙofar masallaci, gaban duk wanda ya zuba ko dala ɗaya.

Ranar na ga abin da ban taɓa gani a wani taron ƙungiya ba. Ma'ajinsu, wani yaro ɗan kabu-kabu, ya tsaya da littafi a hannu, hannun yana rawa, ya karanta kowane kashi har da kuɗin igiya da na ruwan sanyi, da ya zo kan jika 20 ɗin nan bai ɓoye ba, ya ce laifinsu ne da suka biya kafin aiki, kuma ƴan fadar sun amince za su cike rabin asarar daga kuɗin makonsu. Wata tsohuwa daga bayan taro ta ce su bar shi, Allah ya kiyaye gaba, amma suka ƙi, suka biya. Da shekara ta zagayo su da kansu suka raba makullan akwati tsakanin mutum uku, suka shigo da ƴan mata biyu cikin kwamitinsu, kuma ƴan matan ne suka bi gida gida suka gano abin da mu dattawa muka shekara goma ba mu gano ba. Mu a kullum wa'azi muke yi a daina zuba shara a kwata, ashe juji ya yi nisa, yara ƙanana ake aike da sharar, su kuwa da sun sha kwana sai su juye ta a magudana su dawo. Sai samarin suka yi yarjejeniya da wani mai amalanke na cikin unguwa, wanda aka san gidansu, yana zagayawa Talata da Asabar, kowane gida yana biyan dala ashirin a mako, kuma a biya shi bayan aiki. Bara ruwa bai shiga gidan kowa ba a layinmu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa da na hau kujerar dattijo ban taɓa tambayar wa ke ɗaukar kwandon shara a gidana ba.

Kada a fahimce ni da cewa a zuba wa yara kuɗi a juya musu baya. Abin da ya ceci aikin unguwarmu shi ne liman bai karɓe amanar ba kuma bai yi watsi da su ba, ya sa musu ranar lissafi, mai unguwa kuma yakan leƙa su in sun nemi shawara. Sakin da babu bibiya shi ma wani nau'in raini ne, domin yana nuna ba a ɗauki aikin nasu da muhimmanci ba. Kuma nauyin da za a ɗora wa ɗan shekara goma sha biyar dabam yake da na ɗan ashirin da biyar, kamar yadda ɗan kasuwa ba ya aiken sabon yaro Kano ranar farko.

Akwai kuma tambayar su wane ne matasan da ake kira idan an tashi kira. Sau da yawa wanda ake gabatarwa a matsayin shugaban matasa mutum ne mai furfura a gemu, da mata biyu da ƴaƴa a makarantar sakandare, ya shekara goma sha biyar a kan kujerar ba a sake zaɓe ba. Bayansa kuma akwai wasu ƴan tsiraru da suka iya Faransanci, waɗanda za ka gani a kowane taro, yau na kiwon lafiya gobe na zaman lafiya, har sun gane irin amsar da masu shiri ke son ji, suna ba da ita su karɓi kuɗin zama su tafi. Ban zarge su ba, mu muka koya musu cewa ra'ayi abin sayarwa ne. Amma ɗan kabu-kabu da ɗan garuwa da almajirin da ya sauke ya kama sana'a, da yarinyar da aka aurar tana goma sha shida, da saurayin da ke noman rani a fadamar Gulbi ko kamun kifi a tafkin Madarumfa, duk matasa ne, kuma su ne suka fi yawa. In aka yi taro da Faransanci an kore su tun daga bakin ƙofa, in aka sa shi bayan magariba an kori ƴan mata, in kuma kullum a cikin birni ake yin sa to na Dakoro da Mayahi da Tasawa da Gidan Rumji sai dai su ji a rediyo. A gari irin Maraɗi, inda kusan kowa ke jin Hausa, ban ga hujjar tattauna makomar yara da harshen da yawancinsu ba za su iya musu da shi ba.

Roƙona ga magadan gari da ƙungiyoyin da ke kawo shirye-shirye shi ne su tambayi matasa tun kafin a rubuta takardar neman kuɗi, lokacin da amsarsu za ta iya canza abin da za a saya. A kwamitin da ke tafiyar da shiri a ba su kujeru masu ƙuri'a, su kuma zaɓi wakilansu da kansu na wa'adin da aka sani, maza da mata. A ware wani kaso na kuɗin, ko yaya ƙanƙantarsa, wanda su za su yanke yadda za a kashe shi, da sa hannun ɗayansu kafin a fitar da ko dala, sannan a tsayar da ranar da za su karanta lissafi gaban jama'a. Idan suka kawo shawara aka ga ba za ta yiwu ba, a dawo a gaya musu dalili, domin shirun da ke biyo bayan "mun ji, za mu duba" shi ne ya sa da yawa daga cikinsu suka daina zuwa in an kira. Iyaye da malamai irina mu ma da namu: na yi shekaru ina naɗa shugaban aji da yatsana, ina zaɓen wanda ya fi yi mini biyayya, ban taɓa bari ɗalibai su zaɓa ba sai a shekaruna biyar na ƙarshe, kuma wanda suka zaɓa ya fi nawa iya riƙe aji.

Kai ma, Malam Edita, ina da buƙata a wurinka. Idan wakilinka ya je ɗauko labarin buɗe wani shirin matasa, bayan ya rubuta sunayen manyan baƙi da adadin kuɗin da aka ambata, ya ja yaro ɗaya ko yarinya ɗaya gefe ya tambaye su ko da su aka zaɓi aikin, kuma wa ke riƙe da makulli, ya buga amsar yadda suka faɗe ta. Samarin unguwarmu za su karanta lissafin aikin bana a ƙofar masallaci ranar Juma'ar farko bayan ɗaukewar ruwa, bayan sallar la'asar, kuma sun ce in sanar da kai cewa in ka turo wakili za su shimfiɗa masa tabarma a gaba, su ba shi littafin ya duba da kansa.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
Wani tsohon malamin makaranta,
Maraɗi.